Daga Katakon Edo Zuwa Ragar Zurich: Kundin Aikin Fostoci Shida

4 ga Nuwamba 2024

An tsayar da tsarin aiki. Fostoci shida za a buga don koyar da ɗaliban zanen talla, kowace a kan salon gari guda: Edo, Faris, Berlin, Vitebsk, Dessau da Zurich. Girman kowace A2 ne, wato milimita 420 da 594, ban da ta Edo da za a yi a girman da Japanawa ke kira oban, kimanin santimita 25 da 38. Kofi 30 ake so na kowace. Sharaɗi ɗaya aka gindaya: a buga kowace da hannu, ta hanyar da ta fi kusa da wadda masu salon suka bi. Dalili kuwa, abin da ake kira salo a littattafan tarihi yawancinsa kayan aiki ne suka haife shi. Idan kowane launi sai an sassaƙa masa katakonsa, ko an ɗauko masa dutsensa, dole mai zane ya koyi rowar launi, kuma daga wannan rowa ce fosta ta samo kamanninta.

An fara da Edo, tsohon sunan Tokyo. Abin koyi shi ne hoton Hiroshige na 1857, na mamakon ruwan sama a kan gadar Ohashi, wanda Van Gogh ya kwaikwaya da fentin mai a 1887. Katako biyar za a sassaƙa, gaba da baya inda ya yiwu: layin baƙi, shuɗin kogi, ruwan ƙasa na gada, duhun sama, sai biyu na layukan ruwan sama.

11 ga Nuwamba

Batun katako. Masassaƙan Edo icen ceri na dutse suke amfani da shi, wanda aka tsaga a tsaye bin jijiya, domin yana riƙe layi mai sirantar gashi kuma ruwa ba ya saurin kumbura shi. A nan an gwada uku, kowane an yanka masa layuka goma masu faɗin rabin milimita. Obece ya yi laushi, layuka bakwai suka ɓalle tun kafin a kai ga bugu. Maɗaci ya riƙe layi, amma ƙofofin jikinsa a buɗe suke, don haka duk fili mai faɗi yana fitowa da zane-zanen jijiya. Malaina ce ta tsaya tsakiya. Hukunci: malaina don layin baƙi da na ruwan sama, maɗaci don kogi kaɗai, inda jijiyar ke kama da gudun ruwa. An goge fuskokin da sanfefa mai lamba 240, sannan 400, aka jiƙa su, aka bari suka bushe, aka sake gogewa, saboda jiƙon farko yana tayar da gashin katako.

19 ga Nuwamba

An manna zanen layi a kan katako ta fuskarsa da kunun garin shinkafa, aka murje bayan takardar da yatsa mai danshi har layin ya bayyana. Wuƙa tana shiga a karkace, tana nisantar layi daga ƙasa, ta yadda kowane layi zai zauna a kan gindi mai faɗi kamar kunya a gona. Wanda ya yanka a miƙe, layinsa ba zai kai bugu na ashirin ba.

Abin da ya fi komai muhimmanci a katakon nan ba hoto ba ne, 'yan tsagi biyu ne a gefe, waɗanda ake kira kento: ɗaya kusurwa ce a ƙasa ta dama, ɗayan miƙaƙƙe a gefen ƙasa. A nan bakin takarda ke zama kowane bugu. Zurfinsu bai kai milimita 1 ba. An buga layin baƙi sau biyar a siraran takardu tare da alamar tsagin, aka manna kowace a katakon launi, don tsagin ya faɗa wuri ɗaya a dukansu. Da wannan dabara ce bugu mai launuka da yawa ya kankama a 1765 a hannun Suzuki Harunobu da abokan aikinsa. A lura da "abokan aiki": mutum huɗu ke yin hoto ɗaya, mai jari da ke sayarwa, mai zane, mai sassaƙa, mai bugu. Sunan mai zane ake tunawa, amma rabon aikin nan shi ne na gidan talla na yau.

27 ga Nuwamba

Bugun gwaji na farko ya lalace, kuma hunturu ne sila. Ana buga irin wannan hoto a kan takarda mai danshi, da launin ruwa da ɗigon kunun shinkafa, ana murzawa ta baya da faifan hannu mai suna baren. An jera takardu tsakanin jaridu masu laima a cikin leda tun dare. Da safe suna daidai. Amma ma'aunin danshin ɗakin ya nuna kashi 16 cikin ɗari, kuma duk takardar da ta yi minti biyu a waje sai ta fara tsukewa. Tsakanin bugun baƙi da bugun shuɗi ta ragu da kusan milimita 2 a faɗinta, shuɗin kogi ya hau kan ƙafafun gada. Tsagin kento ba ya maganin wannan, domin shi kusurwa ɗaya yake riƙewa, sauran takardar kuwa ta tafi.

Gyara: takarda ɗaya ake zarowa, a buga, a mayar cikin wata ledar nan take. An rataya jiƙaƙƙun buhunan algarara biyu a taga, an yayyafa wa daɓe ruwa, an mayar da lokacin bugu daga asuba zuwa hantsi. Danshi ya hau kashi 40. Kuskuren saiti ya sauko ƙasa da rabin milimita. Kada a bar takarda cikin leda fiye da kwana uku, fumfuna za ta kama ta.

Matsala ta biyu ita ce takardar kanta. Ta Japan daga ɓawon icen kozo ake yi, zarenta dogo ne, tana jure murza. Wadda ke hannu ta auduga ce mai nauyin giram 120, kuma tana shan launi ya bazu. An shafe ta da ruwan gam irin wanda Japanawa ke kira dosa: giram 20 na jelatin a lita 1 ta ruwan ɗumi, giram 5 na alif da aka narkar daban aka zuba bayan an sauke. Shafa ɗaya da faffaɗan buroshi, ba komowa. Inda aka maimaita, wurin ya yi ƙyalli ya ƙi karɓar launi.

6 ga Disamba

Shuɗi. An gwada shunin marina, aka niƙa shi da ruwa a kan gilashi. Launin yana da kyau a kogi, mai duhu da ɗan toka-toka, sai dai yana da tsakuwa-tsakuwa kuma ba ya sirancewa a hankali. Shuɗin Furusiya ya fi shi biyayya nesa ba kusa ba. Wannan shi ne abin da masu bugun Edo suka gano a ƙarshen shekarun 1820, lokacin da wannan launi, wanda aka fara haɗawa a Berlin a farkon ƙarni na 18, ya yi araha a kasuwarsu. Kafin nan suna da shuni da kuma wani shuɗin fure mai saurin koɗewa. Babbar igiyar ruwa ta Hokusai, wadda ta fito wajen 1831, da wannan shuɗin Turai aka buga ta. Wato hoton da Turawa suka ɗauka tsantsar Japan ne, launinsa daga wajensu ya je.

Duhun sama kuwa, wanda ke farawa baƙi ƙirin a bisa ya narke zuwa babu, sunansa bokashi, kuma ba a sassaƙa shi, a hannun mai bugu yake. Ana jiƙa katako da tsumma daga inda ake so launi ya ƙare, a ɗiga launi a gefe ɗaya na buroshi, kunu a ɗaya gefen, a yi ta kai da komo a kwance ba tare da juya buroshin ba. Cikin takardu 40, goma sha ɗaya sun fita daga lissafi. Shida sun yi ɗige-ɗige kamar an watsa riɗi, alamar kunu ya yi kaɗan ko murza ba ta da ƙarfi. Biyar sun tara launi a bakin layi, alamar kunu ya yi yawa. Kunun da ya yi daidai: awo 1 na gari, awo 8 na ruwa, a dama a wuta har ya yi haske, a tace.

Layukan ruwan sama daga katako biyu suke, ɗaya baƙi ɗaya toka-toka, karkatarsu ta ɗan bambanta. Da katako ɗaya aka fara gwadawa, sai suka yi kama da shingen kara. Bambancin karkatar ne ke sa ido ya ga zurfi.

16 ga Disamba

An kammala Edo da kofi 29 masu kyau. Ɗaya ya rage, a bar shi haka.

Rubutun da zai raka fostar Faris ya samu. Gaɓoɓinsa: jiragen yaƙin Amurka sun isa Japan a 1853, ciniki ya buɗe, Japan ta baje kayanta a babban baje kolin Faris na 1867, mai sharhin zane Philippe Burty ya raɗa wa yayin son kayan Japan suna Japonisme a 1872, aka yi babban nunin hotunan katako a makarantar zane ta Faris a 1890. Shekara guda bayan nan Toulouse-Lautrec ya fitar da fostarsa ta gidan rawa na Moulin Rouge. Abin da ya ɗauko a bayyane yake: fili mai launi ɗaya ba inuwa, daɓe da aka karkato sama, mutum a gaba da bakin takarda ya yanke shi, 'yan kallo a baya sun zama baƙar inuwa guda. Launi huɗu kacal, rawaya, ja, shuɗi, baƙi, a fosta mai tsayin kusan mita 2. Akwai kuma dokar Faransa ta 29 ga Yuli 1881 da ta sakar wa masu liƙa fosta mara. 

An yi muhawara kan Mucha, ko a ba shi fosta tasa. Fostarsa ta Gismonda, wadda ya yi wa 'yar wasan kwaikwayo Sarah Bernhardt ta fito a Janairun 1895, ita ce fuskar Art Nouveau, salon ado mai furanni da lanƙwasassun layuka, a wajen yawancin mutane. An bar shi a rubutu kawai. Adonsa ya yi yawa ga abin da ake son nunawa, kuma hanyar da ta kai ga zanen talla na yau ta wajen masu ragewa ta bi.

8 ga Janairu 2025

Bugun dutse. Alois Senefelder ya ƙirƙiro shi a ƙarshen shekarun 1790 da dutsen Solnhofen na Bavariya, kuma asalinsa abu ne da kowace mai wanke-wanke ta sani: ruwa da maiƙo ba sa haɗuwa. A yi zane da abu mai maiƙo, a jiƙa dutse, a bi da rolar tawada mai mai, tawada ta kama zane ta ƙi wurin da ke da ruwa. Abin da ke sa fili ya riƙe ruwa shi ne ƙaro, na icen dakwara, wanda Sudan da Cadi da arewacin Nijeriya ke fitarwa. Wannan kaɗai ne kayan aikin da aka samu a nan ya fi na kanti kyau.

Babu dutse, don haka an karɓo tsofaffin faranti na alminiyam daga maɗaba'a, masu kaurin milimita 0.3, ana aiki da bayansu. Matakai: a goge da sanfefa 220 da ruwa ana zagayawa har fuskar ta dushe bai ɗaya, a wanke da ruwan lemon tsami, a ɗauraye, a busar da fanka nan take. Alminiyam da aka bari ya bushe da kansa yana yin tsatsa fara, kuma kowane ɗigonta zai fito baƙi a bugu. Faranti biyu sun tafi a haka.

Tawadar zane irin ta Senefelder aka dafa: kakin zuma kashi 3, sabulu kashi 1, da baƙin hayaƙin fitila. Ruwan ƙaro: awo 1 na ƙwaya mai haske, awo 2 na ruwa, kwana biyu a jiƙe, a tace da ƙyalle sau biyu. A ajiye a firji, in ya yi tsami ƙarfinsa ya canja. Bayan zane, a barbaɗa hoda, a shafa ƙaro da aka ɗiga wa asid na fosforik har takardar awon tsami (pH) ta nuna 3, a bar shi minti uku, a goge da ƙyalle ya zama siriri ƙwarai. Ƙaro mai kauri yana tsagewa idan ya bushe, ya ɗauke zane.

17 ga Janairu

Yayyafin tawada, wanda Faransawa ke kira crachis, shi ne hanyar Lautrec ta samun launi tsaka-tsaki ba tare da ƙarin dutse ba. An yi shi da buroshin haƙori da bakin wuƙa, daga nisan taki ɗaya, an rufe inda ba a so da ƙaro. Shuɗin yayyafi a kan rawaya ya ba da kore, a kan ja ya ba da ruwan hanta. Launi huɗu sun zama shida.

Hunturu ya sake kawo cikas ta wata fuska. Ruwan da aka shafa da soso yana bushewa kafin rola ta gama zagaye, sai tawada ta kama fili, farantin ya yi dusu-dusu. Yanzu mutum biyu ke tsayawa, ɗaya da soso ɗaya da rola, shafa ɗaya birgima biyu. An ƙara cokali ɗaya na gilisarin a lita 1 ta ruwan shafawa. Farantin ja ya toshe a bugu na 18, ɗigon yayyafi suka haɗe, domin tawadar ta yi ruwa. An ƙara mata garin magnesiya ta yi tauri, aka sake zana farantin. Jerin bugu: rawaya, ja, shuɗi, baƙi, kwana guda tsakanin kowane.

29 ga Janairu

Berlin ta zo da sauƙi, kwana uku. Fostar Lucian Bernhard ta ashanar Priester, wajen 1905, tsinken ashana biyu ne ja masu kai rawaya, da suna da shuɗi, a kan duhu. Ba mace, ba fure, ba jimla. Jamusawa suka kira irin wannan Sachplakat, fostar kaya. An yanka siffofin a takarda aka buga da sikirin mai lamba 90, lambar da ke nuna ƙanƙantar idon ƙyallensa. Ba hanyar asali ba ce, tasa a dutse aka buga, amma fili mai launi ɗaya shi ne magana, sikirin kuwa gwaninsa ne. Kuskure ɗaya: an buga ja a kan duhu kai tsaye, ya mutu. Dole a bar gurbin ashana fari, a buga ja da rawaya tukuna, duhu ya zo ƙarshe ya hau bakinsu da rabin milimita.

Vitebsk, garin Belarus ta yau inda El Lissitzky ya yi fostarsa, ma haka. Jan alwatika na El Lissitzky da ke huda farar da'ira, na lokacin yaƙin basasar Rasha, ja da baƙi ne a farar takarda, bugu biyu. Wahalar tana wajen tsini: bakin alwatikar yana cika da tawada ya dakushe in an danna sukwiji, wato robar jan tawada, da ƙarfi. An miƙar da shi zuwa kusan digiri 75, ja ɗaya, ba maimaici.

12 ga Fabrairu

Dessau ta tsaya, kuma haruffa ne suka tsayar da ita. Makarantar Bauhaus, wadda aka buɗe a Weimar a 1919, ta koma Dessau a 1925, aka rufe ta a Berlin a 1933, ta yi watsi da manyan baƙaƙe a takardunta, Herbert Bayer kuma ya zana haruffa daga da'ira da miƙaƙƙen layi kawai. An so a rubuta kan fostar da Hausa a wannan tsari. Sai ga ƙ da ɗ da ɓ. Lanƙwasarsu ba ta cikin lissafin Bayer. In an yi ta da rubu'in da'ira mai girman cikin harafin, ɗ tana rinjaya dama ta ci wurin harafin da ke binta. In an ƙanƙanta ta, daga nisan mita 3 ƙ ta koma k, kuma kowa ya san tazarar da ke tsakanin ƙafa da kafa. An zana girma uku, an liƙa a bango, an sa mutum biyar su karanta daga mita 5. Wanda lanƙwasarsa ta kai rabin faɗin cikin harafin ne kowa ya karanta daidai. Da shi za a tafi, amma sai an ƙara tazarar milimita 2 bayan kowace ɗ.

Tsarin A2 da ake ta aiki da shi ma ɗan wannan zamani ne: ma'aunin takarda na Jamus na 1922, wanda mai tsara rubutun ɗab'i Jan Tschichold ya yi ta yi wa kamfe a 1928.

21 ga Fabrairu

An ja ragar Zurich, wato layukan da ke raba takarda gida-gida don jera hoto da rubutu, yayin da ake jiran Dessau. Gefen hagu da dama milimita 21 kowane, ya rage 378. Ginshiƙi 6 masu faɗin 58, da rata 5 masu faɗin 6. A tsaye: sama 24, ƙasa 48, gida 8 masu tsayin 60, rata 7 masu 6. Tazarar layin rubutu milimita 6 ce, don haka kowane gida yana ɗaukar layi goma cif, ratar kuma layi ɗaya. In ba a ɗaure tsayin gida da tazarar layi ba, ƙasan hoto da ƙasan rubutu ba za su taɓa haɗuwa ba, kuma ragar ta zama ado kawai. Abin koyi fostar Beethoven ce ta Josef Müller-Brockmann ta 1955, mai baƙaƙen bakuna da ke ƙara kauri suna zagaya ɗan rubutu. An ɗora ta kusa da ta Edo a kan tebur: fili fetal, nauyi a gefe ɗaya, siffa da bakin takarda ya yanke. Shekara 98 ke tsakaninsu.

Haruffan Helvetica da ke kwamfutar ɗakin, zuriyar waɗanda aka fitar a 1957, ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Manhaja tana cusa na wani samfurin a gurbinsu ba tare da sanarwa ba, sai a ga harafi ɗaya ya fi 'yan'uwansa siranta a tsakiyar kalma. An koma Noto Sans don ƙananan rubutu. Na kan fosta za a zana lanƙwasar da hannu a kan fim.

Abin da ya rage zuwa yau: farantin baƙi na Faris bai bushe ba a kofi 12, an raba su da jarida. Fim na Dessau yana jiran gyaran tazara. Sikirin mai lamba 120 da rubutun Zurich ke buƙata bai iso ba, na 90 yana cinye ƙananan haruffa. Zafi ya fara shigowa, tawadar sikirin tana bushewa a raga bayan kofi takwas, don haka bugun Zurich zai koma dare.